Kalmar da Ba a Faɗa a Tsakiyar Rawa

Tun ƙarfe biyu na rana Fermín yake naɗe empanada, yana naɗewa yana tsaki. Ya shimfiɗa ƙullin fulawa a tafin hannu, ya zuba cokalin nama da albasa da dafaffen ƙwai, ya ninke, ya murɗe bakin, ya ajiye a tire. Shekara goma sha tara ke nan yana wannan aiki kowace Lahadi a kicin ɗin La Persiana, gidan rawar tango na unguwar Boedo. Hannunsa ya san hanya ba sai ya duba ba, shi ya sa kansa ya samu sararin tafasa.

Yau Lisandro zai ba Bajamushiyar nan amsa.

Lisandro mijinsa ne, shekara ashirin da bakwai suna raba bargo ɗaya da rigima ɗaya. Malamin tango ne, dogo, siriri, gashi duk ya yi fari amma bayansa a miƙe yake har yanzu. Ita kuwa Bajamushiyar, Annegret, yawon buɗe ido ya kawo ta Buenos Aires. Tana da makarantar rawa a Hamburg. Sau ɗaya ta yi rawa da Lisandro, shi ke nan ta maƙale masa: ya zo ya koyar a wurinta shekara guda, ga ɗaki, ga tikiti. Gobe da safe jirginta zai tashi, Lisandro kuma ya yi mata alkawarin i ko a'a kafin a rufe gida yau.

Mako uku ana wannan magana a gidansu, ko in ce mako uku ana kewaye ta.

"Me ka gani, Gordo?" in ji Lisandro. Haka yake kiransa, Gordo, wato mai tumbi, shi kuma ya rama da Flaco, wato tsinke.

"Ni me zan gani? Ƙafafunka ne ko nawa?"

"Tambayarka nake yi."

"To ka sayi rigar sanyi mai kauri. An ce can har hanci daskarewa yake yi."

Ka ji mutum! Cikinsa na ihun kar ka tafi, bakinsa na zancen rigar sanyi. Fermín ba ya so a ce shi ya tare wa Lisandro hanya. Mutum ya kai shekara sittin da ɗaya kafin wani ya ce masa zo duniya ta gan ka, sai mai suyar empanada ya miƙe ya ce a'a? Amma kuma shekara guda! Shi kaɗai a ɗaki, daga shi sai kyanwa, sai rediyon da ba mai ce masa rage murya. Tsoro yake ji, kuma haushin kansa yake ji da yake jin tsoron.

Saboda haka ya yanke shawara a filin rawa zai faɗa. Duk maganar da ta taɓa yin nauyi a tsakaninsu ba a teburin cin abinci aka yi ta ba. A teburi faɗa ake yi kan wa ya bar madara a waje. A fili aka yi ta, cikin 'yar tazarar nan tsakanin waƙa da waƙa, lokacin da mutum biyu suke tsaye kusa da juna suna jiran kiɗa ya dawo. Ba a magana kiɗa na tafiya, sai a tazara. Zagaye ɗaya waƙa huɗu ne, tazara uku ke nan. Shi tazara ɗaya ma ta ishe shi, ai kalma uku ce kawai.

Matsalar ita ce samun zagayen.

A wurinmu ba a tasowa a tsaya a kan mutum a ce masa zo mu yi rawa. Da ido ake gayyata. Kana wurinka, ka nemi idon wanda kake so. In ya ba ka, ka ɗan karkata kai, shi ma ya ɗan sunkuyar da nasa, sai ku haɗu a bakin fili. In ba ya so sai ya kalli silin, ba wanda ya sani, ba wanda ya ji kunya. Miji da miji ma haka suke yi in dai sun san abin da suke ciki. Fermín kuwa ya fi kowa riƙo da wannan. Da ya gayyaci mutum da baki, gara masa ya fito fili babu wando.

Da can abin ba wuya. Mu talatin ne a La Persiana, maza da maza, mata da mata, kowa ya san ciwon gwiwar kowa. Sai bara wani marubucin tafiye-tafiye ya zo, ya narki empanada shida, ya koma ya rubuta a intanet cewa nan ne wurin da irinmu za su sha rawa hankali kwance, ga abinci kamar na kakarka. Tun daga ranar ba mu sake ganin kujerunmu ba. Rukuni-rukuni suke zuwa daga otal, da sababbin takalma, wayoyi a sama. Ban ce ba mutanen kirki ba ne. Wasu a garinsu ko hannun juna ba sa iya riƙewa a titi, sai su zo nan su rungumi juna su yi ta hawaye, kai ma sai zuciyarka ta karye. Amma baƙo ko da ido makaho ne. Ba su san gayyatar ido ba, kai tsaye suke tafiya wurin Lisandro su miƙa masa hannu, shi kuma mai gidan rawar ya roƙe shi kar ya kunyata kowa. Wata takwas rabon Fermín da ya yi rawa da mijinsa a gidan nan.

Ƙarfe shida Doña Nélida ta saki kiɗa. Ita ce mai zaɓen waƙoƙi, shekararta saba'in da huɗu, teburinta na manne da tagar kicin ta inda ake miƙa abinci. Ta leƙo, ta ga Fermín da farar riga a ƙarƙashin ƙyallen girki, ta sauke ido ƙasa.

"Iye! Takalman rawa a cikin mai? Yau wa ya mutu?"

"Ki sa mana waƙoƙi masu sanyi a zagaye na uku, Doña. Irin waɗanda yake so."

"Mu wa?"

"Kin sani."

"Ka buɗe baki a gida mana, ɗan nan. Kana da baki a kan kowa, miyar wannan ta yi gishiri, ƙafar wancan ta karkace. An zo kan naka ka zama bebe."

"Ke dai sa waƙa."

"Zan sa. Allah ya ba ka sa'a, don ni na ga motar otal biyu a waje."

Zagaye na uku ya zo. Fermín ya rage wuta, ya goge hannu, ya tsaya a taga. Lisandro na zaune can ɗaya gefen filin, yana shan ruwa. Ya ajiye kofin, ya fara juyo da kai a hankali, ya wuce teburi na ɗaya, ya wuce na biyu, saura kaɗan ya iso taga, sai wani jibgegen Bature mai gajeren wando ya tsaya a gabansa. Bayansa kaɗai ya toshe Lisandro da kujerarsa da rabin bango.

"Malam, rawa?" Har kicin ana jin muryarsa.

Lisandro ya miƙe. Fermín ya tsaya yana kallon waƙoƙin da ya roƙa suna ƙarewa a ƙarƙashin ƙafar wani ƙato da ke taka mijinsa sau biyu a kowane taku uku.

"Gajeren wando," ya ce wa Nélida. "A gidan tango. Gobe kuma da tawul za su zo."

"Mai na ƙonewa, Gordo."

Ya koma ya tsamo guda takwas da suka yi baƙi, ya watsa su a kwandon shara.

Wajen ƙarfe bakwai da rabi gida ya cika maƙil. Ana kiran giya, ana kiran empanada, ana kiran burodi da cuku, shi kaɗai yana juyi tsakanin kasko da taga, gumi na bin bayansa yana lalata farar rigar. Da aka zo farkon wani zagaye ya ga Lisandro shi kaɗai, ba kowa kusa. Ya jefar da matsami ya tako taga. Sai ga 'yan mata biyu sun cika ta, hannunsu sarƙe da na juna, suna murmushi har kunne.

"Kai ne Don Fermín? Mai empanada? Mun karanta labarinka!"

"Ni ne. Ku ɗan matsa gefe, 'yan mata."

"Akwai wadda ba nama?" in ji mai gajeren gashin, tana haɗa kalmominmu ɗaya-ɗaya kamar mai ɗaukar ƙwai.

"Akwai ta cuku. Ku ɗan..."

"Ƙawata ba ta cin cuku. Da ƙwai."

"Akwai ta masara."

"Fulawar fa? Fulawa na ba ta ciwon ciki."

"To 'yata, ba nama, ba cuku, ba ƙwai, ba fulawa. Me ya rage? In naɗe miki iska in soya?"

Suka fashe da dariya, sun ɗauka wasa yake yi, ɗaya ma ta ce daidai yadda aka rubuta shi, mai ban dariya. Ta tsakanin kawunansu Fermín ya hango Lisandro ya miƙa wuya, tabbas taga yake nema. Ya yi ɗage, ya karkata hagu, yarinyar ta karkata hagu tare da shi, ta ɗaga waya, haske ya dalle masa ido. Kafin taurarin su bar ganinsa, Annegret ta riga ta ja Lisandro cikin fili.

Wannan ya fi na ƙaton ciwo, domin matar ta iya rawa, ba ƙarya. Kuma a kowace tazara bakinta bai tsaya ba. Tana magana tana zana abubuwa da hannu a iska, ɗaki mai faɗi, tagogi, ko kogi ne, oho. Lisandro na saurare, kansa a karkace, yana ɗan murmushi. Fermín ya san murmushin nan. Shi yake yi in ya tsaya a gaban kantin takalma.

"Ka gani?" ya ce wa Nélida. "Tazara uku ta samu, ta zuba kalma dubu. Ni uku nake nema."

"Tsallaka ka je mana. Wa zai kama ka?"

"In tsallaka fili ana rawa? Ni? Kin taɓa ganin na yi?"

"Ban taɓa ba. Shi ya sa kake nan kana wari kamar kasko."

Ƙarfe tara saura kwata ya sami sarari na uku, kuma wannan karon hanya a buɗe take fetal. Ba ƙato, ba waya. Lisandro na zaune, fuskarsa na kallon kicin. Fermín ya cire tabarau ya goge tururin da ya rufe su, ya mayar, ya kafe shi da ido, ya karkata kai a hankali yadda ya kamata.

Aka miƙe. Amma ba Lisandro ba.

Wani dattijo ne da ake kira Don Casimiro, tsohon tela, wanda ke zaune a teburin gaban Lisandro, daidai kan layi ɗaya. Shekara biyu ke nan tun da abokin zamansa ya rasu, kuma tun da baƙi suka cika gidan ba mai kallon inda yake. Ya miƙe yana gyara kwalar riga, fuskarsa ta haskaka, ya nuna ƙirjinsa da yatsa don ya tabbatar, ya taho yana ɗingishi yana murna. A bayansa Lisandro, wanda ya riga ya fara tashi, ya koma ya zauna.

To me za a yi? A ce wa tsoho ba kai ba ne, koma, a gaban mutane? Wanda ya yi haka ba ya sake samun mai amsa masa ido a Boedo. Fermín ya kwance ƙyallen girki, ya fito, ya buɗe hannu.

"Na ɗauka ka manta da ni, Gordo," in ji Casimiro a tazarar farko, idonsa ya kawo ruwa.

"Haba Don Casimiro, a manta da kai?"

A tazara ta biyu ya ba shi labarin gwiwarsa. A ta uku ya ba shi labarin likitan gwiwar, da surukin likitan. Fermín na cewa i, i, Allah ya sawwaƙe, yana kallon agogon bango ta saman kafaɗarsa. Waƙa huɗu cif ya yi, bai rage ko taku ɗaya ba, ya raka tsohon har kujerarsa. Da ya koma kicin sai ya ɗauki ludayi ya maka wa tukunya, ba don ta yi masa komai ba.

Ƙarfe goma ake rufewa. Tara da rabi Nélida ta ja makirufo.

"Jama'a, kicin ya rufe. Wanda bai ci ba ya ci a otal. Zagaye biyu suka rage. Kuma baƙinmu, don Allah, a bar Malam Lisandro ya huta, ba injin niƙa ba ne." Ta kashe, ta juyo. "Fita. In ka sake ɓata wannan, da kaina zan soya ka."

Fermín ya wanke fuska, ya shafa gashi da ruwa, ya fito ya zauna a kujerar da ke gefen Nélida kamar kowane mai zuwa rawa. Ya duba layi tukuna, ba kowa tsakaninsu. Ya ɗaga ido. Idon Lisandro na nan yana jiransa, kamar ya daɗe a wurin. Ya karkata kai, Lisandro ya sunkuyar da nasa, suka haɗu a bakin fili.

"Kana warin albasa," in ji Lisandro ƙasa-ƙasa.

"Kai kuma kana warin Turawa."

Kiɗa ya tashi. Lisandro ya zagaya bayansa da hannu, tafin ya sauka daidai inda ya saba sauka, ƙasan kafaɗa. Bai yi gaggawa ba. Ya tsaya tukuna, ya bar Fermín ya sauke numfashi, ya jira har nauyinsu ya koma ƙafa ɗaya, sannan ya taka. Wayyo! Wata takwas. Fermín ya manta yadda abin yake. Baƙi suna biyan Lisandro don juyi da wasan ƙafa, amma shi bai yi masa ko ɗaya ba, tafiya kawai ya yi da shi, a hankali, yana kare shi daga gwiwar hannun mutane, yana rage tsawon taku saboda ya san ƙafar Fermín ta hagu tana kumbura in ya daɗe a tsaye. Fermín ya rufe ido, ya jingina goshi a kuncinsa. Haushin ƙaton nan, da 'yan matan, da gwiwar Casimiro, duk suka zube. Abin da ya rage a ƙirjinsa shi ne mutumin nan ya yi shekara ashirin da bakwai yana rage taku saboda shi, bai taɓa faɗa ba.

Waƙa ta ƙare. Suka ɗan saki juna. Ga tazarar, ga kunnen Lisandro kusa da bakinsa, ga kalma ukun da ya yi mako uku yana gogawa. Ya buɗe baki, abin da ya cika masa zuciya ya riga su fitowa.

"Na gode," ya ce.

Jama'a! A filin tango ba a cewa na gode sai waƙa ta huɗu ta ƙare. Wanda ya faɗe ta a tsakiyar zagaye, cewa ya yi ya ishe ni, mayar da ni kujerata. Ita ce korar da ake yi wa mai tattaka ƙafa da mai warin baki. Yaron da ya fara koyo jiya ma ya san wannan. Fermín da kansa ya koya wa mutum ɗari. Kuma a shiru ya faɗe ta, tsakanin waƙa da waƙa, da muryar mai kiran oda daga kicin, har ma'aurata biyu na kusa da su suka juyo.

Hannun Lisandro ya sauka daga bayansa. Fuskarsa ba ta nuna komai ba sai kunnuwansa da suka yi ja.

"Ni ke da godiya," ya ce, yadda ake cewa.

"Flaco, tsaya..."

Kiɗa ya tashi ya danne sauran. Lisandro ya ɗora yatsu biyu a gwiwar hannunsa, ya raka shi har kujera yadda ladabi ya ce, ya ɗan rusuna, ya juya. Duk tsofaffin gidan sun gani. Don Casimiro ya rufe baki da hannu. Nélida ta kalli Fermín, baki buɗe.

"Me ka ce masa?"

"Na gode."

"Ka ce me? Kai, wane irin jaki ne kai?"

Magana zarar bunu. Fermín ya zabura zai bi shi, amma fili ya riga ya cika yana juyawa, kuma ko a wannan hali ƙafarsa ta ƙi tsallakawa ta tsakiya. Ya bi gefe. Gefen kuwa baƙi sun toshe shi da kujeru da jakunkuna da ƙafafu a miƙe. Gafara, gafara dai, a ba ni hanya. Wani ya kama hannunsa yana yabon empanada. 'Yan matan nan biyu suka tare shi wai hoton bai fito ba, a sake. Ya ture kujera, ya taka jakar wani, ya kewaye ginshiƙi. Yana fitowa ya hango teburin Annegret. Lisandro na tsaye, ya miƙa mata hannu. Ita kuwa ta yi tsalle ta rungume shi, tana tafi, tana kiran a kawo kwalba.

Fermín ya tsaya a wurin, da igiyar jakar wani a naɗe a takalminsa. Sannan ya kwance ta, ya juya, ya koma kicin ta hanyar da ya zo.

Yana wankin tire aka yi zagayen ƙarshe, yana wankin kasko aka kunna manyan fitilu, aka fara jan kujeru. Ya ji motocin otal sun tashi. Ya ji Nélida ta rufe akwatinta, ta tsaya a taga, sannan ta wuce. Can sai ƙofar kicin ta buɗe. Bai juya ba, ya san takun.

"Mako uku," in ji Lisandro. "Mako uku ina tambayarka, kana aika ni kasuwa sayen rigar sanyi. Yau na ce to, a fili zai faɗa, na san shi. Na zauna ina leƙen tagar nan tun ƙarfe shida har wuyana ya ƙage. Ka samu fili, ka kore ni a gaban Casimiro."

"Ba wannan na goden ba ce!" Fermín ya juyo, kumfa na ɗiga daga hannunsa. "Ta gaske ce, tsinken banza! Godiya nake yi maka! Mutum ba zai gode wa mijinsa ba?"

"A waƙa ta ɗaya?"

"Ta kuɓuce min!"

"Na sani."

"Ka sani?"

"Ban kai teburinta ba na gane. Ina tafiya ina cewa Gordo bai taɓa korar kowa a fili ba, ko mai taka shi da gangan. Na gane sarai."

"To me ya kai ka? Ka gane, ka ci gaba da tafiya?" in ji Fermín. "Ba ta yi nisa ba, otal ɗinta na nan bayan tasha. Je ka ce mata kuskure ne. Ka ce fushi ka yi. Flaco, kar ka tafi."

Ga su nan sun fito, su ukun, ba wuya ko kaɗan, a gaban kwandon shara da tulin faranti.

Lisandro ya jingina da firij.

"Da ka faɗe ta ɗazu, da na zauna," ya ce. "Wallahi da na zauna. Da shirin zama na fito daga gida."

"To?"

"To da na ce mata i, sai na ji daɗi, Gordo. Ban zata ba. Na ɗauka zan ji kamar na faɗa rijiya, sai na ji kamar an cire min takalmi mai matsi. Ina so in je. Ashe tun ranar farko nake so, ina ta jira ka hana ni don kar in sani." Ya ɗago ido. "Da ka hana ni, da na zauna, da kuma na riƙe ka da ita har mu mutu. Kai ma da ba ka san laifin da ka yi ba."

Fermín haushi yake ji kamar ya fashe, kuma ba wanda zai ɗora wa. Ba ƙaton ba, ba Casimiro ba, ba ma Bajamushiyar ba. Gaskiya Lisandro ya faɗa, shi ne abin da ya fi ƙona rai.

"Yaushe?" ya ce.

"Farkon wata."

"Wannan watan mai kamawa?"

"Shi."

"Kwana goma sha ɗaya ke nan."

"Sha biyu."

"Sha ɗaya. Yau ta ƙare."

Ya juya ya mayar da hannu cikin ruwan wanki, wanda ya riga ya huce. Ya ɗauki faranti ya cuɗa, ya ɗauraye, ya rasa inda zai ajiye saboda wurin ya cika. Lisandro ya cire kwat ɗinsa ya rataye a ƙusa, ya naɗe hannun riga, ya karɓi farantin, ya jawo tsumma. Tsumman goge murhu ne, duk mai, ba na faranti ba. Fermín ya gani, ya buɗe baki, ya rufe. Ya miƙa masa faranti na biyu.